Malam Tasi'u Mai Darar Baƙaƙe

A Shagari in ka ce Malam Tasi'u kawai, sai an tambaye ka wanne, don masu sunan suna da yawa. In kuwa ka ce Mai Darar Baƙaƙe, kowane ɗan kabu-kabu ka tsayar zai kai ka har ƙofar gidansa, can bayan kasuwa. Dogo ne, siriri, mai ɗan rankwafawa, kuma 'yan shekarun nan in zai dubi mutum sai ya juyo da kansa gaba ɗaya, kamar wanda wuyansa ya sage.

Asalinsa mutumin Lambara ne. Mahaifinsa Bawa manomi ne, da rani kuwa ba shi da aiki sai dara a gindin itacen bedi, wato dogon yaro, har mutanen ƙauyukan kusa kan zo su gwada sa'arsu da shi su koma da haushi. Tasi'u bai gaji wannan ba. Ko yaran unguwa cinye shi suke yi. Karatu ne ya karɓe shi, ya yi firamare, ya yi sakandare, ya tafi kwalejin horon malamai a Sakkwato ya karanci Hausa. A can ne wata rana ya iske wani malaminsu na Turanci ya duƙufa a kan bayan jarida da biro, yana cike wasu ƙananan gidaje da haruffa. Ya tsaya kansa har mutumin ya gaji ya yi masa bayani. Ana zana gidaje a jere kamar gurabun dara, a toshe wasu. Kowace kalma tana da 'yar tambayarta, sai ka gano amsar ka rubuta ta, harafi ɗaya gida ɗaya, wasu kalmomin a kwance, wasu a tsaye, inda biyu suka gitta kuma dole harafin ya yi wa kowacce daidai. Tasi'u ya tambaya ko akwai irinsa da Hausa. Malamin ya ce shi dai bai taɓa gani ba, ya koma kan jaridarsa.

Da aka tura Tasi'u koyarwa wata ƙaramar sakandaren jeka-ka-dawo a Shagari, ya iske yara suna ƙin darasin Hausa. A ganinsu abin da suke yi a gida ne, me za a koya musu? Wata Alhamis ya shiga aji ya ɗauki alli ya zana gidajen nan a allo, ya rubuta tambayoyi a gefe. Can wata yarinya ta ce, "Malam, dara ta?" Ya ce dara ce, amma ta baƙaƙe. Sunan ya bi shi ke nan. Ranar har aka kaɗa ƙararrawar tashi yara ba su motsa ba, suna gardama a kan wata kalma mai harafi huɗu.

Daga nan kowace Alhamis sai ya kawo sabuwa. Ba ƙaramin aiki ba ne. Tun daga Asabar yake farawa, bayan la'asar, a kan tabarma a tsakar gida, da bayan kwali da fensir da abin gogewa. Kalma ta shiga a kwance ta ƙi a tsaye, ya goge, ya sake. Matarsa Asabe ta sha kawo masa tuwo ya huce a gabansa. Abin da ya fi ji da shi kuwa tambayoyin ne. In amsar allura ce, ba zai ce abin ɗinki ba, sai ya ce, "Ido ɗaya gare ta, tela na lallashinta da zare." Yara suka riƙa kwafewa suna kaiwa gida. Teloli da masu gyaran rediyo na kasuwa suka fara aiko masa a ba su tasu, sai ya riƙa kai wa mai fotokwafi. A wasu shagunan har yau za ka ga tsofaffin takardun manne a bango, sun yi ja.

Haka ya yi shekaru masu yawa, ya haifi 'ya'ya, ya aurar da babbarsu, furfura ta fito masa a gemu. Sannan idonsa ya fara.

Da fari tuntuɓe ne da buta, da karo da gefen ƙofa. Asabe ta ce gajiya ce. Sai wata Alhamis ya gama zana dara a allo, ya koma gefe, ya ga yara suna kallon juna ba wanda ya ɗaga hannu. Shugaban aji ya miƙe a hankali ya ce, "Malam, layin ƙarshe ya hau na kusa da shi." Ya matsa ya duba. Ya tsallake gida guda tun daga sama, komai na ƙasa ya goce. Ya goge allon duka, ya ce su buɗe littafi.

A asibitin ido na Sakkwato likita ya ce masa hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana cinsa. Ganin yana tsukewa ne daga gefe-gefe, kamar mai leƙe ta bakin tulu. Abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a riƙa ɗiga magani a tsare sauran. Karatu yana iya yi, in ya bi layi a hankali. Amma dara ba a haɗa ta sai ido na ganin kwance da tsaye lokaci guda, shi kuwa in ya dubi wannan kusurwa sai waccan ta ɓace. Ya gwada makonni, yana zanawa a kwali yana yagawa. Daga ƙarshe Alhamis ta riƙa zuwa tana wucewa kamar kowace rana, teloli suka yi tambaya har suka daina.

Yana da ƙanwa, Samira, autar ɗakinsu, wadda a hannunsa ta tashi bayan rasuwar Bawa. Ita ilimin kwamfuta ta karanta, tana aure a Boɗinga, tana koyarwa, tana kuma yin digiri na biyu a jami'a. Da ta zo duba shi ta iske yagaggun kwalaye a bayan ƙofa, ta tsaya tana jujjuya su.

"Yaya, ka san ana iya sa kwamfuta ta yi wanga aiki?"

"Kwamfuta ta san Hausa?"

"Ana koya mata. Fannin da nike ciki ke nan, koya wa na'ura harshen mutane. Ana tara mata rubuce-rubuce masu yawa ta karance, ta gane wace kalma ka tahiya da wace. Ni ma ina neman abin da zan yi bincike a kai. In ka yarda mu yi shi tare, ta haɗa gidajen, ta rubuta tambayoyin, kai dai ka duba."

Bai yarda ba, bai kuma ƙi ba. Asabe ce ta matsa, ta ce zaman da yake yi shiru da la'asar ya fi ciwon idon damunta.

Bayan wata biyu ko uku Samira ta kira shi ya zo. Ya hau mota zuwa Boɗinga ranar Asabar, ya same ta a falo da kwamfutar cinya, jaririyarta na barci a gefe. Ta ƙara girman rubutun saboda shi, ta danna wani wuri. Kafin ya gyara zama gidaje sun cika, kalmomi sun gitta juna tsaf, har da wata haɗuwa da shi kansa bai taɓa tunaninta ba. Aikin mako guda. Bai san ko murna zai yi ko kishi ba. Ya ce ta karanto masa tambayoyin.

Ta karanta ta farko: "Wurin da mutane da yawa ke zaune, kuma ana tuwo da shi."

"Mi?"

Ta duba amsar, ta rufe baki. Gari. Na'urar ta haɗa garin zama da garin tuwo ta yi musu tambaya ɗaya. Ta gaba ta ce, "Sashen jiki da ba shi da sauƙi," amsar wuya. Wata kuma ta ce, "Dabba mai haushi," alhali gidan farko ƙ ne mai lanƙwasa, wanda ya gangaro daga ƙosai, kalmar kuwa ƙare ce.

Samira ta yi dariya har da hawaye. Shi bai yi ba.

"Wa ya karantar da ita?"

Ta ce daga intanet ta kwaso rubutun, labaran jaridu da hirarrakin mutane a waya. Mutane kuwa ba su damu da lanƙwasa ba in suna rubutu, kare da ƙare duk ɗaya suke buga su, kafa da ƙafa, bata da ɓata. Karin sauti da tsawon wasali kuma dama ba a rubuta su, mai karatu ne ke ganewa. Ita na'ura ba ta taɓa jin an faɗi kalma ba, ganinta kawai take yi.

"To kurma kinka kawo mani," in ji shi.

"Gyaruwa za ta yi, Yaya. Sai dai aiki."

Aikin kuwa ya sha shi. Kusan kowace Asabar yana kan hanyar Boɗinga. Wata ran ya isa ya iske ba wuta, batirin kwamfutar ya mutu, su zauna jiran a tayar da janareton maƙwabta. Wata ran wutar na nan, sabis ne babu, ita kuwa manhajar sai ta haɗu da wata babbar kwamfuta can wata ƙasa kafin ta yi tunani. Su zuba wa wani ɗan zobe ido yana juyawa a fuskar kwamfutar har azahar ta yi. In komai ya daidaita kuma jaririya ta tashi da kuka.

Sun fara saɓawa a kan sh da ts. Na'urar ta raba su gida biyu-biyu. Tasi'u ya ce tun da yake bai taɓa koya wa yaro cewa tsamiya da t take farawa ba, ts harafi guda ne, gida guda zai ci. Samira ta ce gyara wannan sai ta kwance abin tun daga tushe. Ya ce ta kwance. Ta kwance, ya ci mata makonni, malamin da ke duba bincikenta yana ta kiranta yana tambayar ina aka kwana.

Sannan aka zo kan maganar gida. Ya ba ta kalmomi ta zuba, na'urar ta ja wa rabinsu jan layi, wai kuskure ne. Mussa ba ta san ta ba sai kyanwa. Guro ba ta san shi ba sai kuɓewa. Sure, wato yakuwa, ta ce ko suna ake nufi. Haki, wato ciyawa, ta mayar da shi haƙƙi.

"Wagga 'yar Kano ta," ya ce. "Ɗiyan Shagari za ta yi wa wasa, ba ta san abin da uwayensu ka miya da shi ba?"

Samira ta ce ba laifinta ba ne, abin da aka rubuta ta karanta, mutanenmu kuwa suna faɗa ne ba su rubutawa. In yana son ta iya Sakkwatanci sai an samo mata shi a rubuce, kuma da yawa, ba kalma-kalma ba, jimloli cikakku yadda ake faɗinsu.

Sai ya ɗauki wayarsa ya shiga kasuwa. Ranar kasuwar Shagari ya zauna wurin teloli ya kunna ɗaukar murya, ranar ta Boɗinga ya zauna wurin masu sayar da hatsi da maƙera, har Dingyaɗi ya je wurin wani tsohon abokin karatunsa. Wasu suka saki baki suna hira. Wasu da sun ga waya sai su gyara murya su koma Hausar rediyo, abin da ya zo gujewa ke nan. Wani mai goro ya kore shi, ya ce bai san inda za a kai maganarsa ba. Abin da ya samu ya tura wa Samira, in sabis ya yarda, ita kuma ta saurara ta buga da hannu, tana goye da yarinya, keken ɗinki na ƙara a bayan kowace jimla. Hirar wuni guda ba ta cika shafi nawa ba. Da ya tambaye ta ko ya isa, ta ce abin da suka tara, in an gwada shi da wanda na'urar ta karanta na Kano, kamar a zuba cokalin gishiri ne a rijiya.

Shi ma ba sauƙi gare shi ba. Don binciken nata, tana bukatar ya saurari tambayoyin da na'urar ta rubuta ya ce wannan daidai, wannan kuskure. Sai ta karanto, "Ƙarfe siriri da ake ɗinki da shi," ya yi tsaki.

"Yaya, daidai ne ko ba daidai ba?"

"Daidai na. Amma ba daɗi."

"Ba ni da wurin da zan rubuta ba daɗi. Gida biyu gare ni."

"To ki ƙara na ukku."

Ta ajiye kwamfutar ta shiga ɗaki. Ya zauna shi kaɗai a falo har mijinta ya dawo, suka gaisa, ya kama hanyar tasha. A mota ya yi ta saƙa cewa ba zai koma ba. Asabar na zuwa ya koma.

Sannu a hankali dai abin ya ɗan miƙe. Lanƙwasa ta zauna, gari ya rabu da gari mafi yawan lokaci, mussa da guro suka samu shiga. Alhamis ta dawo a ajinsa, yanzu a takarda ba a allo ba. Yara sun yi murna, ko da yake wata ta ce masa tambayoyin yanzu kamar na jarrabawa suke, ba su ba da dariya. Samira ta ƙara wani sabon wasa mai sauƙi, wanda ake cika fili da haruffa a ɓoye kalmomi a ciki, a kwance, a tsaye, ko a karkace, yaro ya nemo ya zagaye. Na'urar ke shuka kalmomin, ta cike sauran gidajen da duk harafin da ya zo mata.

Ana nan ranar ba da kyaututtuka ta makaranta ta matso. Shugaban makarantar, Malam Ummaru Sodangi, mutum ne mai son abin, shi kansa yakan aiko a kawo masa tasa ofis. Ya ce a buga wasan neman kalma da yawa a raba wa ɗalibai da iyaye, a nuna musu makarantarsu ma ta shiga zamani. Tasi'u ya zaɓi kalmomi na ladabi da karatu, Samira ta fitar. Ya tambaye ta ko ta duba. Ta ce ta sa wa manhajar matata, duk wata kalmar banza da aka sani ba za ta bari ta fito ba. Shi ya bi layukan kwance da yatsa, ya bi na tsaye, na karkace kuwa idonsa ba ya iya bi.

Ranar aka kafa rumfuna, iyaye maza gefe, mata gefe, ga wakilin hakimi a kujerar gaba. Aka raba takardu. Tasi'u na tsaye kusa da lasifika yana jiran a kira shi ya yi bayani, sai ya ji dariya ta tashi daga bayan 'yan aji uku, irin wadda ake dannewa tana fin ƙarfin mai ita. Ta bazu. 'Yan mata suka sunkuyar da kai cikin hijabi. Wata uwa ta fizge takarda daga hannun ɗanta ta yi salati da ƙarfi. Ya juya kai nan, ya juya can, bai ga komai ba sai fuskoki ɗaya-ɗaya. Malam Sodangi ne ya zo ya kama hannunsa, ya ja shi bayan rumfa, ya ɗora masa yatsa a kan takardar ya bi da shi a karkace daga kusurwa, harafi bayan harafi.

Ashar ce, irin ta 'yan tasha, wadda ba a faɗi gaban manya, kuma da Sakkwatanci tsantsa. Haruffan cikon ne suka haɗu suka haife ta. Matatar Samira zagin Kano ta sani.

Aka bi ana karɓe takardu, yara na ɓoyewa a aljihu. Ba a kira shi ya yi bayanin ba.

Washegari Malam Sodangi ya kira shi ofis, ya rufe ƙofa, ya ba shi kujera.

"Ranka shi daɗe, wallahi ban gani ba," in ji Tasi'u. "Ba ni na rubuta ta ba, ba kuma wani mutum ya rubuta ta ba."

"Na sani, Malam Tasi'u. Amma uban yaro in ya zo nan ba ya tambayar kwamfuta, ni yake tambaya. Uku sun zo tun da safe. Akwai kuma wata maganar da na daɗe ina son yi maka. Malamin da ke shirya 'yan aji uku ya kawo mini ƙara. Yara suna rubuta mussa da biyat a takardar gwaji, in an soke su ce a darar Malam suka gani. Jarrabawar ƙasa da daidaitacciyar Hausa ake yin ta, ka fi ni sani. Mai makin ba ɗan Shagari ba ne."

Watannin da Tasi'u ya yi yana yawon kasuwa don na'ura ta koyi maganar gida, ga shi maganar gidan ce ta ja masa kunya jiya, ita ce kuma yau ake cewa tana kayar da yara. Kuma ya san mutumin bai yi ƙarya ba. Aka ce a dakatar da dara a makaranta sai abin da hali ya yi.

Bai kira Samira ba, ita ta ji labari ta zo. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Ta ce ta riga ta gyara, yanzu manhajar na bin kowane layi ta kowace fuska, sai dai tana bukatar ya faɗa mata duk zagin da ya sani na nan ƙasar ta zuba a matatar.

"In zauna gaban ƙanwata in yi ta ashar tana rubutawa?"

"To wa zai gaya mata, Yaya? Ba ta sanin abin da ba a gaya mata ba."

"Ke kinka ce ta duba."

"Na ce abin da ta sani ba ya wucewa. Kuskurena na, ban musa ba. Amma cikin ɗari tana samun mahi yawa daidai. Da munka fara ko rabi ba ta samu."

"Mahi yawa," ya ce. "Ke a wurinki mahi yawa cin jarrabawa na. Ni gida ɗaya in ya ɓaci, takardar duka ta ɓaci, sunana ka bisa."

Ta ce don shi ta ɗauko aikin nan, da ta so da ta zaɓi mai sauƙi da Turanci ta gama tun bara. Ya ce bai roƙe ta ba. Asabe ta fito daga madafa ta tsaya tsakaninsu, ta ce ya isa haka, maƙwabta na ji. Samira ta goya 'yarta ta tafi ba ta ci abincin da aka zuba mata ba.

Ta kare bincikenta bayan ƙaramar salla, aka yaba, har aka ce a buga shi a wata mujalla ta masana. A shafin godiya ta sa sunansa farko. Asabe ta karanta masa a waya, ya ce Allah ya sa albarka, ya tashi ya ɗauki buta. Sai da aka kwana biyu ya kira ta ya yi mata murna yadda ya kamata, suka yi hirar yarinya da ta fara tafiya, ba wanda ya ambaci dara. Ba a jima ba aka yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa Birnin Kebbi, suka tashi. Kafin su tafi ta biyo ta Shagari ta karɓi wayarsa, ta sa masa ƙaramar manhajar a ciki, ta nuna wa Asabe inda ake dannawa. Zagin kuwa Asabe ce ta samo mata shi, daga wata tsohuwa mai sayar da daddawa wadda ba ta jin nauyin kowa.

Yanzu yadda suke yi ke nan. Makaranta ba a ɗage dokar ba, Malam Sodangi kullum sai ya ce a bari zango mai zuwa. Teloli ne suka dawo da tambaya, don su labarin ranar kyaututtuka dariya ya ba su, har wani ya ce a buga masa irin waccan ɗin. Tasi'u ke zaɓen kalmomi, Asabe ta buga, na'ura ta gitta su. Tambayoyinta kuwa sai ya sa a karanto masa duka, ya yi tsaki, ya zubar da mafi yawa, ya faɗi nasa Asabe ta rubuta. Wani lokaci yakan bar ɗaya ko biyu, in ba wanda ke kallo. Ba kowane mako take fitowa ba. In sabis ya ɗauke, ko Asabe ta tafi biki, ko idon ya tashi da zafi, sai a haƙura.

Kwanan baya Samira ta kira da murna, ta ce ta yi sabuwa wadda ba ta bukatar sabis, tana kuma iya karanto tambayoyi da murya, ba sai ya jira kowa ba. Ta turo. Asabe ta danna, wayar ta ce wuri ya cika, sai an goge wasu abubuwa. Suka duba abin da ya cinye wurin: muryoyin kasuwa da ya ɗauka, da hotunan bikin babbar 'yarsu.

"Goge hotunan," ya ce. "Ni ba ganinsu nike sosai ba."

"Ni ina ganinsu, Malam. A goge surutun teloli, ai Samira na da shi."

"Ba duka na tura mata ba. Akwai na tsohon nan na Dingyaɗi, ya rasu."

Ta ajiye wayar a kan tabarma tsakaninsu, ta ce to ya san yadda zai yi, ita dai ba ta taɓa hoton ɗiyarta. Da la'asar ya saka hula ya fita kasuwa neman ɗan katin da ake ƙara wa waya wuri. Mai shagon farko ya ce ya ƙare. Na biyu ya buɗe wayar ya jujjuya, ya ce irin wannan ba ta da ramin kati, sai dai a sake waya. Tasi'u ya karɓi abarsa ya sa aljihu, ya tsaya bakin titi yana juya kai dama da hagu kafin ya tsallaka. Wani tela ya hango shi daga shago ya ɗaga murya yana tambayar ina ta wannan makon. Ya ɗaga masa hannu kawai, ya wuce masallaci.